Kai mai gyara ka sayar: ina gyara ya tsaya, ina ƙira ta fara?

Yau da kai nake, kai da ke sayen tsohon janareto ka canza masa kafireto ya koma shan gas ka sayar. Da kai mai tara batiran tsofaffin kwamfutoci kana haɗa abin cajin waya da fitila. Da ke mai zaɓar gwanjo a Kasuwar Barci, ki farke ki sake ɗinkawa ki ɗora a WhatsApp. Da kai yaron shago a Tsohuwar Panteka, wanda in aka ajiye maka inji ka zagaya shi sau biyu, jibi ka fito da ɗan uwansa.

Duk wanda ya san Tudun Wadar Kaduna ya san wannan baiwa ba sabuwa ba ce. Panteka na nan daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly, kuma shekara da shekaru ɗalibai na tsallakawa can a haɗa musu aikin kammala karatu. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar kwalejin, kafin ya koma hukumar NBTE a 2021, an ja masu sana'ar kasuwar a jiki domin su samu takardar shaidar ƙwarewa. Gwamnatin Uba Sani ma ta shiga aikin sake fasalin kasuwar. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sai kasuwar gyare-gyare ta buɗe sosai, domin kowa na neman abin da zai rage masa shan mai.

Abin da ya canza shi ne ido. A da, in ka kwaikwayi inji a lungun Panteka, daga kai sai mai saye sai Allah. Yanzu kuwa kai da kanka kake ɗaukar bidiyo, ka nuna ciki da waje, ka sa lambar waya a TikTok. Bidiyon da ya kawo maka ciniki daga Bauchi, shi ne zai iya isa wayar wakilin kamfani a Legas. To tunda sana'ar ta fito fili, ya kamata ka san inda doka ta ja layi.

Kamar takardar fili take

Akwai takardar da gwamnati ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu, wadda a Turance ake kira patent. Mu kira ta takardar ƙirƙira. Dokar da ke kula da ita a Najeriya tsohuwa ce, an yi ta a 1970 zamanin Janar Yakubu Gowon, ta fara aiki a Disamban 1971, kuma har yau da ita ake shari'a. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari.

Sashe na 6 na dokar ya ba mai takarda ikon hana kowa ƙera abin, ko shigo da shi ƙasa, ko sayar da shi, ko amfani da shi, ko ma tara shi a sito da nufin sayarwa. Wa'adin shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da buƙata, kuma duk shekara sai an biya kuɗin sabuntawa. In aka daina biya, takardar ta mutu.

Hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce ka ɗauke ta kamar takardar fili. Takardar fili ba ta ce maka unguwa duka taka ce ba, tana nuna iyaka ne daga wannan dutse zuwa wancan. Haka ita ma takardar ƙirƙira, a ƙarshenta akwai jerin jimloli masu lamba da ke zana ainihin abin da mai ita ya mallaka. Wataƙila ba injin gaba ɗaya ba ne, yadda aka jera haƙoran da ke ɓare gyaɗa ne kawai. Alƙali waɗannan jimlolin yake karantawa, ya duba ko kayanka sun ƙunshi abin da suka lissafa.

Shi ya sa maganar nan da ke yawo a shaguna, wai in ka canza kashi 10 ko kashi 30 cikin 100 na abu ka tsira, ba ta da tushe ko kaɗan. Babu wannan lissafi a dokar. Kana iya canza fenti, ka ƙara taya, ka faɗaɗa bakin zuba hatsi, ka sa masa sunan mahaifiyarka, in dai wancan jerin haƙoran na ciki, to kana cikin filin mutane. Kana kuma iya yin injin da a ido kamar an tsaga kara, amma cikinsa ya bi wata hanya dabam, kuma babu abin da mai takarda zai iya yi maka.

Akwai sauƙi ɗaya ga ɗalibai. Ikon mai takarda ya tsaya ne kan abin da aka yi don masana'anta ko kasuwanci. Wanda ya kwance inji a gida don ya gane yadda yake aiki, dokar ba da shi take ba. Ranar da ya sa farashi, ranar lissafi ya canza.

Abin da ka saya naka ne, amma shi kaɗai

Yanzu ga inda ya fi shafar ka. Shi dai wannan sashe na 6 ya ce da zarar an sayar da kaya ta halastacciyar hanya a Najeriya, ikon mai takarda a kan wannan kayan ya ƙare, sai fa in takardar ta keɓe wani amfani na musamman da ake yi da shi. Ma'ana, janareton da ka saya a hannun dila naka ne. Ka yi amfani da shi, ka gyara shi, ka sayar wa wani, shi ma ya sayar. Kamfani ya riga ya ci kuɗinsa sau ɗaya, ba zai bi kayan gida-gida yana karɓa ba.

Masu shagunan fotokwafi da ke kewayen Kadpoly, waɗanda ke ɗura wa kwanson tawadar firinta sabon gari maimakon sayen sabo, za su ji daɗin wannan labari. A Amurka kamfanin Lexmark ya riƙa sayar da kwanson tawada a farashi mai rahusa bisa sharaɗin in ya ƙare ka mayar musu, har ya sa wata 'yar na'ura a jiki don hana sake ɗurawa. Wani ƙaramin kamfani a jihar West Virginia mai suna Impression Products ya riƙa sayar da irin waɗannan kwansuna bayan an sake cika su. Lexmark ya kai ƙara cewa an keta takardunsa. A ranar 30 ga Mayun 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a'a, wanda ya sayar ya sayar. Alƙalin alƙalai John Roberts har ya buga misali da garejin da ke gyara tsofaffin motoci yana sayarwa, ya nuna cewa in kowane mai takarda zai bi kowane ƙarfen da ke cikin mota, sana'ar ba za ta yiwu ba.

Sai dai ka lura da kalmomi biyu a tamu dokar: "a Najeriya". Kotun Amurka ta ce ko a wace ƙasa aka fara sayar da kayan, ikon ya ƙare. Tamu kuwa sayarwar da aka yi a cikin gida ta ambata. Kayan da aka fara sayarwa a Dubai ko Guangzhou, ko waɗanda suka biyo ta Kwatano, ba su shiga wannan inuwa kai tsaye ba. In abin na da takarda mai rai a Abuja, mai ita na da bakin magana kan shigo da shi. Mafi yawan tsofaffin kaya ba su da wannan matsala, kamar yadda za ka gani a gaba, amma mai shirin yin odar kwantena ta sabon abu ya kamata ya tambaya kafin kuɗinsa su hau ruwa.

Rariya da tanki

Ikon da ya ƙare, a kan wancan kaya guda ɗaya da ka saya ya ƙare. Sayen ɗaya bai ba ka izinin ƙera na biyu ba. To a ina gyara ke zama ƙira? In ka canza kusa, gyara ne. In ka canza komai ka bar kusa fa?

Kotunan Ingila sun yi wannan muhawara sau biyu, kuma ko da yake hukuncinsu ba dole ba ne a kan alƙalan Najeriya, lauyoyinmu na kafa hujja da su, alƙalai kuma na saurara.

Na farko a shekarar 2000 ne. Kamfanin United Wire na da takarda a kan wata irin rariya da ake tace laka da ita a wajen haƙar mai, raga biyu da aka ɗame aka manne a jikin firam ɗin ƙarfe. Ragar na saurin yagewa, kowa ya sayi rariya ai ya san halinta. Sai wasu suka buɗe sana'a: su karɓo tsofaffin, su kankare firam ɗin tas har sai ƙarfe ya fito, su manna sabuwar raga, su sayar. Suka ce gyara muke yi. Kotun ƙarshe ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta ce ba gyara ba ne. A lokacin da kuka cire raga kuka kankare firam, rariyar ta daina wanzuwa, abin da ya rage ƙarfe ne kawai. Abin da kuka fitar daga baya sabuwar rariya ce, kuma ku kuka ƙera ta.

Na biyu a 2013, kuma kayan da aka yi shari'a a kansu ka san su. Farin tankin roban nan mai kusurwa huɗu da ke zaune cikin kejin ƙarfe, mai cin lita 1,000, wanda ake gani a wuraren gini da gidajen wanki. Kamfanin Schütz na Jamus ke da iko da takarda a kan irin wannan tanki. Wani kamfani a Ingila na sayen tsofaffin, ya cire robar da ta lalace, ya saka sabuwa ta kamfanin Werit, ya sayar. A ido aiki iri ɗaya ne da na masu rariya. Amma Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce wannan ba ƙira ba ce. Dalilinta, hikimar da aka ba wa takarda tana jikin kejin ne, a yadda aka yi waldar mahaɗar sandunan don su jure girgiza. Ba a taɓa kejin ba. Robar kuwa abu ce mai zaman kanta, ba ta kai kejin tsawon rai ba, kuma dama an san za a riƙa canza ta.

A ganina waɗannan shari'u biyu sun fi kowace lacca amfani ga mai walda. Ba yawan abin da ka canza ake aunawa ba, robar tankin ai ta fi komai girma. Tambayar ita ce, ina hikimar take zaune, kuma ka sake yin ta ko ka bar ta yadda ka same ta?

Gwada da naka aikin. Ka sayi janareto a Kaduna, ka sayi kafireton gas a hannun wanda ya shigo da shi ta hanyar da ta dace, ka ɗaura, ka sayar. Kaya biyu ne da aka riga aka sayar, kai haɗawa ka yi. Amma ranar da ka kai wannan kafireton wurin masu narka alminiyom ka ce a zuba maka guda 200, ka tashi daga mai gyara ka koma mai ƙira, kuma in akwai takarda mai rai a kansa, da kai za a yi. Haka mai batir. Ƙwayoyin batirin da ka ciro daga tsohuwar kwamfuta an gama da su. Allon da ke sarrafa caji, wanda ka kwafi zanensa ka aika China a buga maka, shi ne abin dubawa. Maganar yoyon gas da tashin gobara kuwa wani babi ne dabam, kuma ya fi wannan saurin kai mutum gaban hukuma.

"Yi min irinsa guda ashirin"

Wannan jimla ce ke ciyar da rabin Panteka. Alhaji ya je baje kolin duniya na Kaduna, ya ga injin casar shinkafa, ya sayi ɗaya, ya kawo ya ce a yi masa irinsa. Kai a tunaninka in da laifi nasa ne, kai aikin hannu aka sa ka. Sashe na 25 bai raba ku ba. Ya haɗa wanda ya aikata da wanda ya sa aka aikata, kuma bai sa sharaɗin sai ka san da takardar ba. "Wallahi ban sani ba" na iya sa a tausaya maka, amma ba ya goge ƙetaren iyaka.

Shari'ar a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuma akwai reshenta a nan Kaduna. Ta diyya ce, ba ta ɗauri ba. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Kotu na iya hana ka ci gaba da yin kayan tun kafin a gama shari'a, ta sa ka biya asarar da mai takarda ya yi, ko ka lissafo ribar da ka ci ka miƙa. Ga wanda ya zuba jarinsa duka a kaya ɗaya, umarnin dakatarwa kaɗai ya isa ya rufe shago.

In kana ganin takardar ƙirƙira a Najeriya ado ce, tambayi hukumar zaɓe. Wani kamfanin cikin gida mai suna Bedding Holdings ya kai INEC ƙara kan akwatin zaɓe mai nuna ciki, kuma a 2012 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba shi gaskiya. A Janairun 2014 kuma Mai Shari'a Ibrahim Auta ya yanke cewa a biya kamfanin sama da naira biliyan 17 kan tsarin da aka yi amfani da shi wajen rajistar masu zaɓe da na'ura gabanin zaɓen 2011. Cikin waɗanda aka haɗa a ƙarar har da kamfanonin da suka kawo na'urorin. Kwangila aka ba su, amma hakan bai hana sunansu shiga takardar sammaci ba.

Ga kuma wani abu da ke ba ni haushi a dokar tamu. Ofishin rajista ba ya binciken ko abin da aka kawo sabo ne da gaske. Yana duba cewa an cike takardu daidai an biya kuɗi, sai ya bayar, kuma dokar da kanta ta ce ana bayarwa ne ba tare da tabbacin inganci ba. Sannan haƙƙin na wanda ya riga shigar da buƙata ne. Wato wani mai wayo na iya ɗaukar injin da Panteka ta shekara goma tana yi, ya kai Abuja, ya dawo da takarda mai hatimi yana yi wa mutane barazana. Irin wannan takarda kotu na iya soke ta a ƙarƙashin sashe na 9, in aka nuna cewa abin ya riga ya shiga hannun jama'a kafin ranar da ya shigar. Dokar ta kuma kare wanda dama yake yin kayan da zuciya ɗaya kafin wannan rana, ya ci gaba da abinsa. Amma duk biyun hujja suke so. Rasit mai kwanan wata, hoto, littafin oda, zanen da ka yi a bayan kwali. Mu kuwa mun fi yarda da "kowa ya sani". A gaban alƙali, kowa ba ya zuwa ba da shaida.

Filin da babu mai shi ya fi yawa

Kada duk wannan ya sa ka ajiye guduma. Gaskiyar magana, yawancin abin da ake kwaikwaya a Panteka babu mai iko da shi. Shekara 20 ba ta da yawa a rayuwar inji. Injin Lista da ke juya injinan niƙa a ƙauyukanmu, ƙirar Ingila ce tun wajen 1930, kuma masana'antun Rajkot a Indiya sun daɗe suna yin irinsa suna sayar wa duniya. Baƙin keken ɗinkin Butterfly da ke gaban teloli a Kasuwar Barci, zubin wani tsohon keken Singer ne. Babu wanda ya saci komai. Takardun sun mutu, hikimar ta zama ta kowa, dama haka aka tsara abin: a ba ka shekara 20, kai kuma ka bayyana wa duniya sirrin.

Na biyu, takarda ba ta tsallaka iyakar ƙasa. Ta Amurka a Amurka take aiki, ta China a China. In mai abu bai yi rajista a Najeriya ba, ba shi da ikon hana ka a nan. Sai dai a yi hattara da sabon abu fil, domin a ƙarƙashin yarjejeniyar PCT da Najeriya ta shiga a 2005, wanda ya shigar da buƙata a waje na da kimanin wata 30 kafin ya iso nan da ita. Abin da ya fito bara, mai shi na iya kasancewa a hanya.

Wannan iyaka kuma kaifi biyu gare ta. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yaounde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki. Don haka injin da babu mai hana ka yin sa a Kaduna, yana iya zama mai takarda da zarar mota ta wuce Jibiya ta nufi Maraɗi.

Binciken farko kyauta ne. Duba jikin kayan ko kwalinsa, sau da yawa akwai lambar takarda. Saka ta a Google Patents ko Espacenet, za ka ga shekarar da aka shigar, da zane, da jerin iyakokin. Ko ba don tsoron shari'a ba, waɗannan shafuka makaranta ce, miliyoyin zanen injina ne a buɗe ga mai data. Rajistar Najeriya kuwa a ofishin Abuja ake bincika ta, galibi ta hannun lauya ko wakili. In oda ta kai ta miliyoyi, kuɗin wannan bincike ba asara ba ne.

Sunan da ke jiki

In ka tambaye ni abin da ya fi kusa da kama matashin Tudun Wada, ba takardar ƙirƙira ba ce, suna ne. Tambarin kasuwanci ba ya mutuwa bayan shekara 20, muddin ana sabunta shi. Kana iya yin keke irin na Singer, ba za ka rubuta Singer a jiki ba. Kuma buga tambarin jabu, saɓanin keta takardar ƙirƙira, laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari.

Masu gyaran waya su ji wannan. A Norway, jami'an kwastam sun tsare gilasan iPhone guda 63 da wani mai ƙaramin shagon gyara, Henrik Huseby, ya yi oda daga Hong Kong a 2017. An shafe tambarin Apple da ke jikinsu da baƙar tawada. Ya ci shari'ar a kotun farko, amma a 2020 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba Apple gaskiya, saboda tambarin na nan a ƙarƙashin tawadar, ana iya goge ta ya fito. Ni dai ina ganin an yi wa mai ƙaramin ƙarfi tsauri, amma hukuncin ke nan.

Ke mai gwanjo, sayar da riga mai tambari yadda kika same ta ba matsala ba ce. Amma in kika yanko tambarin kika liƙa a jakar da kika ɗinka da kanki, mai saye zai ɗauka kamfanin ne ya yi ta, nan ne rigima take. Kai ma mai janareto, in ka canza masa ciki, faɗa wa mai saye a rubuce cewa gyararre ne kuma kai ka gyara. Sa sitikar shagonka. In ya yi kyau sunanka ne zai tafi, ba na wani kamfani a Japan ba.

Akwai kuma rajistar zane, wato siffa da adon kaya, a cikin ita dai dokar ta 1970. Shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu, jimla 15, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ɗan bambanci maras muhimmanci ba ya wanke mai kwafi. Mu 'yan Kaduna bai kamata a yi mana dogon bayani a nan ba. Cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun Kakuri, bayan rashin wuta da tsadar baƙin mai, har da atamfofin da aka kwafi zanensu a waje, aka buga musu tambarin masaƙun gida, aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya a farashin da ba a iya gasa da shi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Gidaje nawa a garin nan suka ji a jikinsu?

In kai ne ka ƙaro hikima

Wani lokaci gyaran naka ya fi na asali. Ka gano yadda injin ɓarar gyaɗa zai daina fasa ƙwaya, ko yadda murhu zai rage cin gawayi. Dokar ta yarda a ba da takarda kan ingantawa, in sabuwa ce, akwai hikima a ciki, kuma za a iya ƙera ta. Amma takardarka ba ta buɗe maka filin wani. In ingantawar na zaune a kan abin da ke da takarda mai rai, kai ba za ka ƙera ba sai da izininsa, shi ma ba zai ɗauki taka ba sai da izininka. Yawanci a nan ake zama a yi ciniki, kuma wanda ke riƙe da takarda ba ya zuwa teburin hannu rabbana.

Hukumar NOTAP da ke Abuja, wadda aka kafa a 1979, na taimaka wa 'yan Najeriya masu ƙirƙira wajen tsara buƙata da shigar da ita, kuma ta buɗe ofisoshin kula da wannan harka a jami'o'i da kwalejoji da dama. Abin da ba za ta iya yi maka ba shi ne mayar da bidiyon da ka riga ka saki. A dokarmu, duk abin da ya isa ga jama'a kafin ranar shigar da buƙata, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani, a ko'ina a duniya, ya daina zama sabo, ko da kuwa kai ne ka fitar da shi. Rangwamen da aka yi ɗan kaɗan ne, na wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata shida kafin ya shigar. TikTok ba ya cikin wannan. Shigar da buƙata tukuna, sannan ka kunna kyamara.

Sai maganar maigida. Dokar ta ce abin da aka ƙirƙiro a cikin aikin da aka ɗauke ka, ko aikin da wani ya ba ka kwangilarsa, haƙƙin na wanda ya ɗauke ka ne ko ya ba ka aikin, ko da yake a wasu halaye ma'aikaci na da haƙƙin a ba shi lada mai ma'ana, kuma sunan ainihin mai ƙirƙira dole ya fito a takardar in ya nema. A Panteka, inda yaro ke aiki da injin walda na oga, da ƙarfen oga, da wutar oga, ba tare da ko layi ɗaya a rubuce ba, wannan zance ne da ya kamata a yi shi tun abin bai zama kuɗi ba. Ku zauna da shi, a kira shugaban layi ko wani dattijo ya zama shaida, a rubuta wa ke da me da kason kowa, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi.